Kunkurun Hamadar Mojave: Ya Yi Yawa a Gidajen Las Vegas, Yana Ƙarewa a Daji

A watan Afrilun 2024, hukumar da ke tsara dokokin namun daji a jihar Kalifoniya ta Amurka ta sa kunkurun hamadar Mojave cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. Gwamnatin tarayya ba ta bi sahu ba, har yanzu tana riƙe da shi a mataki na ƙasa da wannan, inda ta ajiye shi tun 1990. Can kuma a birnin Las Vegas na jihar Nevada, masu kula da wannan dabba roƙon jama'a suke yi su daina barin kunkurayen gidajensu suna hayayyafa, saboda an rasa masu karɓar 'ya'yan. Duk wanda ya haɗa waɗannan labarai uku dole ya tsaya ya yi tambaya: dabbar da ake neman kai da ita a cikin gari, ta yaya za a ce tana ƙarewa? In kuwa da gaske ne, me ya hana a kwashi na gida a zuba a daji a huta?

Amsar tana cikin yanayin rayuwar kunkurun kansa, da wata cuta, da kuma tsohuwar rigima kan wanda ke da iko da ƙasar hamada.

## Abin da mai ziyara ke tararwa

Kusan kilomita biyar yamma da tsakiyar Las Vegas akwai wani keɓaɓɓen fili mai faɗin eka 180 da ake kira Springs Preserve, wanda aka buɗe wa jama'a a 2007, hukumar ruwa ta yankin ce kuma ke gudanar da shi. Nan ne asalin garin. A da idanun ruwa ne ke ɓuɓɓugowa a wurin, ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar hamada, shi ya sa matafiya masu jin Sifaniyanci suka raɗa masa Las Vegas, wato fadamu. 'Yan ƙabilar Paiute sun zauna a bakin ruwan tun kafin zuwansu. Da gari ya girma aka yi ta haƙa rijiyoyi, ruwan ya ja baya, ya daina fitowa sama a 1962.

A cikin wannan fili aka ware wa kunkuraye wurinsu. Mai ziyara da ya zo da tsakar rana a watan Yuli zai iya gama zagayensa bai ga ko ɗaya ba, sai bakin rami a gindin wani ɗan kurmi: ƙasansa a shafe, samansa a lanƙwashe kamar rabin ƙwarya da aka kife, daidai siffar mai shi. Wanda ya yi sammako a watan Afrilu ko Mayu shi ke dacewa. Zai ga kunkurun ya turo kai, ya daɗe a bakin ramin yana shan hantsi, sa'annan ya ɗago jikinsa kan ƙafafun baya masu kama da na giwa, ya nufi wata fure ya kama tsinka. Ƙafafunsa na gaba a baje suke, cike da ɓawo mai kauri, don haƙa aka yi su. Babba ba ya wuce tsawon santimita 38, nauyinsa kuma tsakanin kilo huɗu zuwa bakwai.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Mojave Max. Sunan gado ne: na farko ya mutu a 2008, aka naɗa wani, kuma tun 2017 mai riƙe da sunan a wannan fili yake zaune. Tun shekarar 2000 'yan makarantun gundumar Clark, inda Las Vegas take, ke gasar hasashen rana da sa'ar da zai fito daga kwanciyar hunturu, fitowarsa kuma ita ce alamar shigowar bazara a wajen mutanen garin. A 2005 ya fito tun 14 ga Fabrairu. A shekarun baya-bayan nan yakan kai ƙarshen Afrilu, har ma farkon Mayu. Gundumar ce ta ƙirƙiro gasar don yara su taso da sanin dabbar, kuma ta yi tasiri. Sai dai kunkurun da ke cikin shinge, wanda mota ba ta taka shi kuma ake duba lafiyarsa, ba ya nuna halin da 'yan uwansa ke ciki a bayan gari.

## Yadda yake rayuwa inda ruwa ya yi ƙaranci

Hamadar Mojave, da ake furtawa Mohabi, ta ratsa kudancin Kalifoniya da kudancin Nevada, ta taɓa kusurwar Yuta da Arizona. Ruwan saman da Las Vegas ke samu a shekara kimanin milimita 100 ne, abin da Kano kan ninka a watan Agusta kaɗai. Da rani zafin ƙasa kan kai maki 60 a ma'aunin Salshiyas, da hunturu kuma ruwa na daskarewa da dare. Kunkurun yana tsira ne ta hanyar ɓuya: kusan kashi 95 cikin ɗari na rayuwarsa a cikin rami yake yin ta. Daga wajejen Nuwamba zuwa Maris yana kwance, bugun zuciya da numfashi sun ragu, ba ci ba sha. Da tsananin zafi ma yakan koma ciki, sai safe da maraice yake leƙowa.

Abincinsa furanni ne da ɗanyar ciyawar da ke tsirowa na 'yan makonni bayan ruwan hunturu. A nan yake samun yawancin ruwan jikinsa na shekara. Idan hadari ya taso, an sha ganinsa ya je ya tsaya kusa da wani ɗan gurbi da ya fafe a ƙasa, yana jiran ruwa ya taru ya sha. Abin da ya sha kuma ba ya zubarwa: mafitsararsa tulu ce, tana iya riƙe ruwan da ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa, jikinsa yana ja daga ciki a hankali har tsawon watanni.

Wannan ne dalilin gargaɗin da ake rubutawa a allunan wuraren shaƙatawa cewa kada a ɗauki kunkurun daji. Idan ya firgita yakan saki fitsari gaba ɗaya. Mutum zai ajiye shi ya wuce yana ganin bai yi masa komai ba, alhali ya raba shi da guzurin da zai kai shi damina mai zuwa. In ba a yi ruwa da wuri ba, ƙishi na iya kashe shi makonni bayan haka.

Sai batun haihuwa, wanda shi ne ƙashin bayan matsalar. Kunkurun hamada yakan rayu shekara 50 zuwa 80, amma macen ba ta fara ƙwai sai ta kai shekara 13 zuwa 20. Takan yi ƙwai huɗu zuwa shida a zubi ɗaya, ta binne a ƙasa, zafin rana ya ƙyanƙyashe su cikin wata uku zuwa huɗu. Zafin ƙasar ne ma ke yanke jinsi: in ya haura maki 31 da ɗoriya mata ke rinjaye, in ya yi ƙasa maza. Ɗan da ya fito bai fi santimita biyar ba, ƙoƙon bayansa kuma da taushi, yana ɗaukar shekaru kafin ya yi tauri. Mafi yawansu ba sa kaiwa girma. Tsarin ya dogara ne kan manya su daɗe a raye suna zuba ƙwai shekara da shekaru, har a samu ɗaya ko biyu da za su gaje su. Don haka macen da mota ta take a kan hanya asara ce da sai an yi kusan shekara ashirin kafin a mayar da gurbinta, in ma an mayar.

## Matsayi uku, dabba ɗaya

Ruɗanin labarai ya samo asali ne daga cewa hukumomi uku ne ke magana, kowacce da ma'auninta.

Dokar tarayya ta kare halittu masu ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a 1973, tana da matakai biyu. Na sama shi ne na halittar da ke cikin haɗarin ƙarewa yanzu. Na ƙasa shi ne na wadda ke fuskantar barazana, wato ana ganin za ta faɗa cikin haɗarin nan gaba kaɗan in ba a yi wani abu ba. A watan Agustan 1989 Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Amurka ta sa kunkurun Mojave a mataki na sama cikin gaggawa, bayan an ga yana mutuwa da yawa a yammacin hamadar. A watan Afrilun 1990 ta tabbatar da shi a mataki na ƙasa, inda yake har yau. A 1994 ta ware masa kimanin eka miliyan 6.4 a matsayin muhallin da ba zai rayu ba sai da shi.

Kalifoniya tana da tata dokar, da nata matakan biyu. Tun 1989 yake a na ƙasa, a 2024 aka ɗaga shi. A aikace canjin bai ƙara wani sabon hani ba, domin dama kama shi ko kashe shi laifi ne a jihar. Masu goyon bayan matakin sun ce amfaninsa shi ne jawo hankali da kuɗin aiki zuwa ga dabbar. Ita kuwa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a 2021 cikin waɗanda ke gab da ƙarewa, mataki mafi tsanani kafin a ce halitta ta ɓace daga daji. Jerin IUCN ba doka ba ne, ba ya ɗaure kowa, hukunci ne na masana.

Akwai wani abu da ya ƙara nauyin lamarin. Har zuwa 2011 ana ɗaukar kunkurayen hamadar kudu maso yammacin Amurka a matsayin iri ɗaya. A shekarar binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa Kogin Kolorado ya raba su gida biyu tun da daɗewa: na yamma da arewacin kogin shi ne *Gopherus agassizii*, na Mojave, na gabas da kudu shi ne *Gopherus morafkai*, na hamadar Sonora. Nan take ƙasar da ake lissafa wa na Mojave ta ragu ƙwarai. Na Sonora kuwa hukumar tarayya ta duba batunsa a 2022 ta ce bai kai a sa shi a jerin ba.

Alƙaluman da kowa ke komawa gare su sun fito ne daga ƙidayar da hukumar tarayya ta yi tsakanin 2004 da 2014. An ƙiyasta cewa manyan kunkuraye sun ragu daga kimanin 336,000 zuwa 212,000, wato kashi 37 cikin ɗari cikin shekara goma. Daga cikin yankuna biyar da aka raba hamadar, huɗu sun nuna raguwa, yammacin Mojave ya yi asarar kusan rabi. Masana sun sa iyaka cewa in manya suka gaza kusan huɗu a kowace murabba'in kilomita, namiji da mace ba sa haɗuwa yadda ya kamata. Wurare da yawa sun riga sun faɗi ƙasa da wannan iyaka.

## Abubuwan da ke cinye shi

Ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan ne ya sa maganin ya yi wuya. Gundumar Clark, inda Las Vegas take, tana da mutum kimanin 741,000 a 1990. A ƙidayar 2020 sun haura miliyan 2.2. Gidaje, tituna, layukan wuta, wuraren haƙar ma'adinai da hanyoyin masu wasan mota a rairayi duk sun yayyanka hamadar. Fari mai tsawo ya zo ya hau kai.

Biyu daga cikin dalilan sun cancanci a tsaya a kansu, domin a fili ba a ganin hannun mutum a ciki, alhali yana nan.

Na farko hankaka. Irin na can baƙi ne wuluk, ba shi da farin ƙirji kamar namu, kuma ya fi girma. A da kaɗan ne a cikin hamada saboda ba ruwa, ba abinci, ba bishiyar yin sheƙa. Mutum ya kawo juji, da mushen dabbobin da mota ta buge, da ruwan ban-ruwa, da turakun lantarki masu daɗin sheƙa. Hankaki suka ninka sau da yawa. Ɗan kunkuru mai taushin baya kuwa a wajensu loma ce: tsuntsun yakan huda ƙoƙon da baki ya cinye na ciki. Masu bincike sun sha tarar da tarin ƙananan ƙoƙuna, kowanne da huda a tsakiya, a gindin turken da hankaka ya yi sheƙa. Kashe hankakin ba abu ne mai sauƙi ba, domin shi ma dokar kare tsuntsaye ta rufe shi, sai da izini. Shi ya sa ake bin wasu hanyoyi: a fesa wa ƙwansa mai da jirgi marar matuƙi don kada ya ƙyanƙyashe, a kore shi da hasken leza, ko a ajiye ɗan kunkurun roba wanda ke fesa masa wani ruwa mai yaji a fuska in ya kai sara, don ya koyi tsoron na gaske.

Na biyu ciyawa ce baƙuwa. Wasu ire-iren ciyawa da suka shigo daga ƙasashen Bahar Rum da Asiya sun mamaye filayen da a da fanko ne tsakanin kurmi da kurmi. Ba su da amfanin furannin asali a cikin kunkuru, tsinin 'ya'yansu kuma yana soke masa baki. Mafi muni, in sun bushe sukan zama shimfiɗar da gobara ke bi. Tsirran Mojave ba su saba da wuta ba, in sun ƙone sukan ɗauki gomman shekaru kafin su dawo. A 2005 gobarar daji ta cinye dubban ɗaruruwan eka a kudancin Nevada da Yuta, har da muhallin kunkurun.

## Dalilin da na gida ba zai maye gurbin na daji ba

Tun kafin a kafa dokar kariya, mutanen Las Vegas da kudancin Kalifoniya sun saba ɗauko kunkuru daga daji su ajiye a bayan gida. Waɗanda aka mallaka kafin dokar, da zuriyarsu, halas ne a riƙe su. A gida akwai ruwa da ganye kullum, ba hankaka, don haka 'ya'yan da daji zai cinye duk sukan rayu. Namiji da mace ɗaya kan cika gida cikin 'yan shekaru.

Abin da ya hana a sake su shi ne cutar numfashi da wata ƙwayar cuta mai suna *Mycoplasma agassizii* ke haddasawa. Kunkurun da ya kamu yakan yi majina, idanu su kumbura, ya daina jin ƙanshin abinci, ya rame. Wani kuma yana ɗauke da ita shekaru ba alama. Ita ce ta yi ɓarna a yammacin Mojave a ƙarshen shekarun 1980, kuma masana da yawa suna zargin cewa kunkurayen gida da aka saki sun taimaka wajen yaɗa ta. Bayan cuta akwai batun asali: na gida sau da yawa ba a san daga wane yanki kakanninsa suka fito ba, wasu ma gauraye ne da na Sonora. Sa'annan ko da lafiyayye ne, in aka zuba shi a ƙasar da ba ta iya riƙe waɗanda ke cikinta ba, abin da ya kashe na farko shi zai kashe na biyu.

Las Vegas ta taɓa samun wurin da ke karɓar irin waɗannan, wata cibiyar kula da kunkurun hamada da aka kafa a farkon shekarun 1990 a kudancin garin. Kuɗin tafiyar da ita daga harajin magina yake fitowa. Da kasuwar gidaje ta rushe a 2008 gini ya tsaya, kuɗi ya ƙafe. A 2013 tana riƙe da kunkuraye kimanin 1,400, labarin cewa za a kashe wasu ya tayar da ƙura, hukuma ta ce marasa lafiya kaɗai abin zai shafa. An rufe ta a 2014. A 2013 ɗin ne Nevada ta kafa ƙa'idar cewa mai karɓar sabon kunkuru ɗaya tak zai riƙe. Yanzu wata ƙungiyar sa-kai mai suna Tortoise Group ce ke haɗa masu bayarwa da masu karɓa, tana kuma shirya wa kunkurayen gida aikin hana haihuwa.

## Rigimar ƙasa

Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Nevada mallakar gwamnatin tarayya ce. Saboda haka duk wata doka kan kunkuru doka ce kan wanda zai yi gini, kiwo, atisaye ko kafa tashar wuta.

Magina sun sami mafita ta hanyar wani gyara da aka yi wa dokar a 1982, wanda ya ba da damar a yi aikin da zai cutar da dabbar ba da gangan ba, matuƙar an biya diyya da wani aikin kariya. Gundumar Clark ta karɓi izini guda a madadin kowa. A ƙarƙashin shirin da ya fara aiki a 2001, mai gini a filin da ba na tarayya ba yana biyan dala 550 kan kowace eka, kuɗin kuma a yi shingen hanya, bincike da sayen filayen kariya. Masu yabon tsarin suna cewa ya bar gari ya girma ba tare da shari'a kan kowane fili ba, ya kuma tara kuɗin da babu shi a da. Masu suka suna cewa kuɗin ya yi kaɗan in aka dubi darajar fili a Las Vegas, kuma ƙasar da aka shafe da kwalta ba ta dawowa.

Makiyaya su ne suka fi jin jiki. An taƙaita kiwon shanu da bazara, lokacin da kunkuru ke neman ɗanyar ciyawa, gundumar kuma ta sayi haƙƙin kiwo na wurare da dama ta rufe su. Yawancin masu garke sun karɓi kuɗi sun tashi. Cliven Bundy na garin Bunkerville ya ƙi, ya daina biyan kuɗin kiwo tun 1993, yana cewa tarayya ba ta da iko da ƙasar. A watan Afrilun 2014 jami'ai suka zo kwashe shanunsa bisa umarnin kotu, magoya bayansa suka fito da bindigogi, jami'an suka janye. Makiyaya suna kafa hujja da cewa shanu da kunkuru sun zauna tare fiye da shekara ɗari. Masana halittu suna amsawa da cewa shanu na rusa ramuka, suna cin abincin da kunkuru ke buƙata, suna kuma buɗe wa baƙuwar ciyawa hanya. Gaskiyar da ɓangarorin biyu ke ja a kanta ita ce an janye shanu daga wurare da yawa amma kunkurun bai farfaɗo ba; wasu na ganin hakan ya wanke shanu, wasu na ganin ya nuna yawan sauran matsalolin ne kawai.

Sojoji da kamfanonin wutar sola sun dogara ne kan kwashe kunkuraye a kai su wani wuri. A 2008 sansanin soja na Fort Irwin ya kwashe kusan 770, aka dakatar da aikin bayan koyote, wani dangin dila, ya kashe da dama. An yi ta muhawara ko ƙaurar ce ta jawo, ko farin shekarar ne ya sa koyoten ya koma cin kunkuru ko'ina. A 2017 sansanin sojan ruwa na Twentynine Palms ya kwashe fiye da 900, wasu da jirgi mai saukar ungulu. An lura cewa kunkurun da aka kai baƙon wuri yakan yi ta yawo yana neman gida, yana bin shinge har zafi ya kama shi, domin ya san ramukansa da guraben ruwansa ɗaya bayan ɗaya.

Batun sola ya raba kan masu kare muhalli su kansu. Tashar Ivanpah da ke kan iyakar Kalifoniya da Nevada, wadda ta fara aiki a 2014, ta tarar da kunkuraye fiye da yadda aka ƙiyasta, har aka tsayar da wani sashe na ginin a 2011, kamfanin kuma ya kashe gomman miliyoyin daloli a kansu. Wani ɓangare na cewa ɗumamar yanayi ita ce babbar barazana ga hamadar, kuma ba a rage hayaƙi sai da manyan tashoshi. Ɗaya ɓangaren na cewa a sa faifan sola a rufin gidaje, wuraren ajiye motoci da tsofaffin gonaki kafin a taɓa ƙasar da ba a taɓa sara ba. A tashar Gemini, arewa maso gabashin Las Vegas, an gwada hanya ta tsakiya: maimakon a kankare ƙasa, an datse tsirran ne a bar saiwa, da nufin kunkuru ya ci gaba da zama a ƙarƙashin faifan. Dabbar da ke ɗaukar shekara goma sha biyar kafin ta yi ƙwai ba a sanin sakamakon gwaji a kanta cikin shekara biyu ko uku.

A Yuta kuma rigimar hanya ce. Gundumar Washington na son titi ya ratsa gandun Red Cliffs, wanda aka kafa musamman don kunkurun a gefen birnin St. George, don rage cunkoso. An amince da titin a watan Janairun 2021, aka janye amincewar a ƙarshen 2024, gundumar kuma ba ta haƙura ba.

## Kalma ɗaya da za ta iya sauya lissafin

Dokar 1973 ta hana kama, kashewa ko cutar da halittar da ke cikin jerin. Shekaru da dama ƙa'idar hukuma ta fassara cutarwa da cewa ta haɗa da lalata muhallin dabba har ya kai ga mutuwarta ko hana ta haihuwa, Kotun Ƙoli kuma ta amince da wannan fassara a 1995. A watan Afrilun 2025 gwamnatin tarayya ta gabatar da shawarar soke fassarar, bisa hujjar cewa abin da dokar ke nufi shi ne aikin da aka nufi dabbar da shi kai tsaye. Masu goyon baya na ganin hakan zai sauke wa masu filaye nauyin da majalisa ba ta ɗora musu ba. Masu adawa na cewa yawancin halittu rashin muhalli ke kashe su. Ga kunkurun Mojave batun yana da nauyi na musamman, domin ba farauta ce ke rage shi ba, kuma tsarin izini da diyya irin na gundumar Clark an gina shi ne kan cewa share fili ma cutarwa ce. A Kalifoniya dai dokar jiha tana nan ko da ta tarayya ta sassauta.

## Yadda abin ke taɓa mutumin gari

Mai sayen sabon gida a Las Vegas yana biyan rabonsa na dala 550 ɗin a cikin farashi, ko bai sani ba. Lebura a wurin gini a bayan gari ana koya masa ya leƙa ƙarƙashin mota kafin ya tayar, saboda kunkuru na bin inuwa, in kuma ya ga ɗaya a tsayar da aiki a kira wanda ke da izinin taɓa shi. Direba a manyan hanyoyi zai ga gajeren shingen waya yana bin titi, yana kai dabbar ga kwalbati ta bi ta ƙasa. Wanda ya tarar da kunkuru a tsakiyar titi an yarda ya ɗauke shi da hannu biyu, a miƙe, kusa da ƙasa, ya tsallakar da shi ta inda ya dosa, ya bar shi a inuwa. In ba wannan ba, taɓa shi laifi ne mai tara, har da ɗauri.

Mai kunkurun gida kuwa ya ɗauki amanar da za ta iya fin shi tsawon rai. Ba a sayar da shi, ba a ƙetare iyakar jiha da shi ba tare da izini ba, ba a sake shi a daji. Tsoho in ya rasu ko ya koma gidan da ba fili, iyali ne ke shiga neman mai karɓa, kuma jerin masu jira a bayar ya fi na masu jiran karɓa tsawo.

A wuraren karɓar dabbobi na Nevada da Arizona akwai wani kunkurun da ke cika wuri, wanda mutumin Damagaram ko Agadas zai gane shi nan take: babban kunkurun Sahel, *Centrochelys sulcata*, na uku a girma a duniya, wanda asalinsa daga Senegal ne zuwa Nijar, Cadi da Sudan. Amurka ta hana shigo da shi tun 2000 saboda kaskar da ke ɗauke da cutar dabbobi, amma waɗanda suka riga suka shiga sun yi ta hayayyafa. Ana sayen ɗansa yana cika tafin hannu, bayan shekara goma ya zama abin da mutum ɗaya ba ya ɗagawa cikin sauƙi, yana haƙa rami a gindin katanga, mai shi ya fara neman inda zai kai shi. A ƙasarsa ta asali kuwa, inda kiwo, fari da masu kamawa don sayarwa suka matsa masa, IUCN ta sa shi cikin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa.